Wasa a Ƙafar Gaba

A At-Bashi, ƙarshen hunturu,
dusar ƙanƙara ta tattara ta koma kan duwatsu,
ta bar mana laka da gonar sha'ir.
Taraktar kakana ta girmi ubana da shekara huɗu.
Shuɗiya ce, in ka yarda da shaidar abin da tsatsa ta rage.

Tun girbin bara take karkata hagu
kamar goɗiyar da ta tuna ta baro ɗanta a gida.
Ka murza sitiyari taƙi guda, taya ba ta ji ba,
sai can ta amsa, amsar mai gyangyaɗi.

Kakana Toktosun ya cire farar hularsa
ya rataye a kan fitilar da ta mutu.
Ya sa jak, ya tura kututture a ƙarƙashi.
"Jak maƙwabci ne," in ji shi, "ba ɗan'uwa ba."

Ya juya tayar a iska, ya kara kunne.
Boris bai yi gurnani ba. To, ba shi ba ne.
Ya kama ta gefe da gefe, ya jijjiga.
Tayarod ya yi ɗan tari, ba na kwanciya ba.
Sai ya ɗora hannu ɗaya sama, ɗaya ƙasa,
ya ja, ya tura,
ya ja,
ya tsaya.

Na ga abin da ya gani.
Hannunsa ke rawa tun bara,
har shayi yakan zube masa a gemu.
Yanzu bai san ko ƙarfe ke wasa ba
ko shi.

Ya daɗe yana kallon tsaunin da ba abin da ya canza a kansa.
"Burulkan, zo ki kama."

Na kama. Robar da sanyi, da warin kashin tumaki.
Na ja, na tura.
Ƙwas.
Na sake. Ƙwas.
Ba a kunne na ji ba, a gwiwar hannu.
"Akwai wasa," na ce.
"Nawa?"
"Kaurin farce biyu."
"Kinfin ne. Bushin ya cinye."
Ya faɗa kamar mai ambaton wanda suka yi soja tare.

Kwana biyu muna roƙon noti guda.
Kananzir, guduma, wuta, zagi kaɗan.
Da kinfin ya fito, ƙugunsa ya rame,
shekara arba'in na kwana a kan kunya sun tsotse shi.
Bushin kuwa, tagullar ta zama ɓawon albasa.

Sabon da Jumagul ya kawo daga Narin
ya ƙi shiga. Ya fi ramin da kaurin gashi.
Na ɗauko guduma, kakana ya riƙe ni.
"Ƙarfi na mai gaggawa ne."
Ya aike ni bayan garke, inda inuwa ta ɓoye sauran ƙanƙara,
na binne tagullar ta kwana.
Da asuba ya gasa bakin ramin da wuta.
Ɗaya ya tsuke, ɗaya ya buɗe,
suka haɗu da bugu uku,
kuma ni na buga.

Na ɗura giris har ya tsatso ta sama.
Na ɗaure, na lanƙwasa ƙusar tsaro.
Hannu sama, hannu ƙasa.
Shiru.

Bai taɓa tayar ba.
Ni ya kalla, na girgiza kai, ya ɗauki hularsa.

Da rana na ja kunyar farko.
Ta tafi sak har gindin bishiyar iyaka.
Yana tsaye a bakin gona da kwanon shayi,
rabi a ciki, rabi a ƙasa,
yana ɗaga mini abin da ya rage.